A koya wa ma'aikatan makarantu yaƙi da ƙwari ba sai da fiya-fiya ba

Malam Edita, assalamu alaikum, don Allah a ɗan ba ni fili. Hutun da ya wuce ɗiyata ta dawo daga makarantar kwana jikinta duk tabon kuɗin cizo, katifarta kuwa ina ɗaga ɗinkin gefe sai ga baƙin ɗigo-ɗigo da ƙwai jere. Da na yi magana sai mai kula da ɗakinsu ta ce ai sun fesa fiya-fiya har sau biyu, a inda yara ke kwana fa, ga masu asma a ciki! Wallahi ban ga laifinta ba, iyakar abin da ta sani ke nan, alhali tun 2019 hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC ta taƙaita sayar da Sniper, maganin ƙwari irin fiya-fiya, saboda haɗarinsa.

Roƙona ga hukumomin ilimi na jiharmu, a tara masu dafa abinci da masu shara da 'yan sito a koya musu dabarun tun daga tushe, a riƙa duba lungu-lungu duk sati, a toshe ramin ɓera da siminti, buhunan masara a ɗora kan katako nesa da bango, a gyara famfo mai yoyo don laima ke tara kyankyaso, zanin gado a wanke da ruwan zafi, magani kuma ya zo ƙarshe lokacin hutu a hannun wanda ya iya. Ɓeran nan ba wasa ba ne, fitsarinsa da kashinsa a abinci ke kawo zazzaɓin Lassa. Ga masana nan kusa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru Zariya, a gayyato su mana.

Wata uwa, Tudun Wada, Kaduna