Wasiƙar Godiya ga Gidan Rediyon NPO Radio 2, Daga Wata Mai Aikin Dare a Rotterdam

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan NPO Radio 2,
Hilversum, ƙasar Holan.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku.

Na san da wuya a samu mai jin Hausa a cikinku. 'Yata ta ce in rubuta muku da Holanci, na ce mata a'a. Holancin nawa na wurin aiki ne da kanti: ya ishe ni in tambayi tsoho inda ke masa ciwo, in sayo burodi da madara, amma bai kai na godiya ba. Shi ya sa na rubuta da harshen da na sha a nono, ita kuma ta juya muku. Na sa wasiƙar a fili ne don 'yan uwana na gida da na ƙetare su ma su ji abin da kuke yi mana kowane ƙarshen shekara.

Ni 'yar Malumfashi ce, a jihar Katsina. Aure ya kawo ni Holan a 2012, tun 2014 kuma nake aiki a wani gidan kula da tsofaffi a Rotterdam. Tsakanina da abokan aikina akwai wata yarjejeniya da ba a rubuta ba: ni nake karɓar musu dutin dare na makon Kirsimeti da na sabuwar shekara, su kuma su sake ni ranar Sallah, ƙarama da babba. Ba ni gishiri in ba ka manda. To kun ga, makon da kuke watsa shirinku na Top 2000 kusan kullum a bakin aiki yake samuna, ido biyu, lokacin da rabin gari ke barci.

Bari in ɗan yi wa 'yan gida bayani, ku dai kun san kayanku. A farkon watan Disamba gidan rediyon nan yake buɗe zaɓe na tsawon mako guda, kowa ya shiga intanet ya zaɓi waƙoƙin da ya fi so, daga biyar har zuwa 35. Akwai ma wata motar bas da ke zagaya garuruwa a makon, mutane su fito cikin sanyi su jefa ƙuri'a a cikinta. In an gama ƙirga, sai a jera waƙa dubu biyu cur, a fara sa su daga ta ƙarshe, ana hawa sama, ba dare ba rana, tun daga daren Kirsimeti har zuwa ƙarfe goma sha biyun dare na 31 ga Disamba. Ana gama ta ɗaya, sabuwar shekara na shigowa. A 1999 aka fara, da nufin a yi sau ɗaya a yi ban kwana da ƙarnin da ke ƙarewa. Jama'a suka ce ba su san zancen ba, sai an sake. Ga shi an haura shekara ashirin da biyar ana yi.

Gaskiya, shekarata ta farko abin haushi ya ba ni. Duk inda na shiga rediyo ɗaya ce: ɗakin cin abincin tsofaffi, kicin, motar da ke kawo mana zannuwan gado daga wanki, har wurin mai soya oliebol a bakin titi (fanke ne dai, nasu da busasshen inabi a ciki, a barbaɗa masa garin sukari). Wata abokiyar aikina ta buga jerin a takarda ta manna a jikin firji, tana bi da biro. In ka ce mata ta zo ta kama maka a juya tsohuwa, sai ta ce dakata minti uku, tata ce ke tafe. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne kowa ya riga ya san wadda za ta zo ta ɗaya, tunda ana fitar da jerin kafin a fara. Kuma kusan kowace shekara ita ce dai, Bohemian Rhapsody ta ƙungiyar Queen, waƙar 1975 mai kusan minti shida, wadda har gobe ban gane inda ta dosa ba. Na ce a raina, wane irin zaɓe ne wannan da sarki ɗaya ke ta lashewa, jama'a kuma na ta murna? Da mijina ya gaya min mawaƙin nata, Freddie Mercury, a Zanzibar aka haife shi, na ce to madalla, ashe ɗan nahiyarmu ne ke mulkin, na rage ƙorafi.

Sai a hankali na lura cewa ba lambar waƙa ce ke tsayar da mutane ba. Wajen jefa ƙuri'a kun bar gurbi inda mutum zai rubuta dalilin da ya sa ya zaɓi waƙar, masu gabatarwa kuma suna karanto wasu, wani lokaci su kira mai saƙon a waya. Da Holancina ya ɗan nuna na fara tsintar maganar, sai na ji abin da ban taɓa ji daga bakin mutanen ƙasar nan ba. Wannan ya ce da ita aka binne mahaifinsa. Waccan ta ce ita ke tashi a mota ranar da suka dawo da jaririnsu daga asibiti. Wani direban babbar mota ya ce matarsa ta tafi ta bar shi, waƙar dai tana nan. Mutanen da za ka shekara kana gaisawa da su a matakalar bene ba ka san ko suna da uwa a raye ba, ga su suna amayar da cikinsu ga ƙasa baki ɗaya, da tsakar dare, saboda waƙa.

A nan ne na gane ku. Mahaifina tela ne, Allah ya jiƙansa, kuma akwatin rediyonsa ba ya barin Rediyon Kaduna. In lokacin Zaɓi Sonka ya yi, sai ya ɗaga ƙafa daga keken ɗinki. Mutum zai sayi kati, ya cika shi da sunaye, na Gusau yana gaida na Maraɗi, na Jos yana gaida amininsa a Kumasi, a karanto su reras kafin a saki faifan. Sau da yawa gaisuwar ta fi waƙar tsawo, kuma ba wanda ya damu, don ita aka zo ji. Ban taɓa zaton zan tarar da ɗan uwan wannan shiri a ƙasar da rana ke faɗuwa ƙarfe huɗu da rabi na yamma a watan Disamba ba.

Akwai wani dattijo da ya fi kowa sa ni rubuta wannan wasiƙa. Ba zan faɗi sunansa ba. Ni dai Baba nake ce masa, tun yana gyara min har ya haƙura ya riƙa amsawa. Gigin tsufa ya ci ƙarfinsa sosai. 'Yarsa takan zo duk Lahadi, ya karɓe ta da ladabi irin na baƙuwa, ya tambaye ta wa take nema. Haifaffen Rotterdam ne, yana ƙaramin yaro jiragen Jamus suka yi wa tsakiyar birnin ruwan bama-bamai a ranar 14 ga Mayu 1940. Ya manta sunan matarsa, amma jikinsa bai manta wannan rana ba. Daren sabuwar shekara kuwa a Rotterdam, tun kafin sha biyu ta buga unguwa ke ɗaukar ƙarar tartsatsin wuta kamar ana yaƙi. Kowace shekara sai mun sha fama da shi: ya nemi shiga ƙarƙashin gado, yana rawar jiki, yana kiran mahaifiyarsa.

Daren ƙarshe na 2017 ni kaɗai ce a ɓangarenmu, nas ɗin tana hawa na ƙasa. Na rasa dabara, na zaunar da shi a kujera, na jawo labule, na ƙure muryar rediyo don ta danne ƙarar waje. Ana cikin waƙoƙin sama-sama ke nan, sai kuka sako Avond ta Boudewijn de Groot. Baba ya saki hannuna. Ya gyara zama, ya ɗaga haɓa, ya bi waƙar nan tun daga farko har ƙarshe, baiti bai kuɓuce masa ba, mutumin da ɗazu da yamma sai da na nuna masa yadda ake riƙe cokali. Da ta ƙare ya dube ni ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, matarsa na son wannan. Ya faɗi sunanta. Na juya baya kamar ina gyara matashin kai, don bai kamata mai aiki ta yi hawaye gaban wanda take jinya ba.

Washegari na gaya wa 'yarsa. Ta yi shiru, can ta ce tun da waƙar ta fito iyayenta ke sa ta, kuma a 2005, da ta ture Queen ta zo ta ɗaya, sai da mahaifinta ya bugo mata waya da tsakar dare yana ihu kamar ƙungiyarsa ta ci kofi. Daga ranar muka sa waƙar a wata 'yar na'ura kusa da gadonsa. Ba kullum take aiki ba, kada in yi muku ƙarya. Wata rana ya bi, wata rana ya kalli bango. Amma mun samu ƙofa, kuma ku kuka nuna mana ita ba tare da kun sani ba.

Baba ya rasu a farkon 2020, lokacin da korona ta sa aka rufe gidajen tsofaffi ba mai shiga ziyara. Ta bayan gilashin taga 'yarsa ta yi masa kallon ƙarshe. A Disambar shekarar, ƙasa na kulle, ɗakin da kuke watsa shirin a ginin Beeld en Geluid, gidan adana tarihin rediyo da talabijin, wanda muka saba gani a talabijin cike da masu rawa da hulunan ban dariya ko da ƙarfe huɗun asuba ne, ya zama wayam, daga mai gabatarwa sai na'urorinsa. Duk da haka ba ku fasa ba, har ƙara tsawon shirin kuka yi, kuka fara tun sha biyun daren da Kirsimeti ke shiga. A shekarar ne jama'a suka ɗora Roller Coaster ta Danny Vera a kan kowa, waƙar da ke kwatanta rayuwa da lilon nan mai hawa da gangarowa. Da aka zo kan Avond a daren ƙarshe, wayata ta yi ƙara a aljihu. 'Yar Baba ce. Ba ta rubuta komai ba sai: kina ji?

Akwai kuma 2015, wadda ba na son tunawa amma dole in ambata. Bayan harin Paris na watan Nuwamba, mace mai lulluɓi irina ta san yadda ido ke bin ta a jirgin ƙasa. Na shiga Disamba a ɗarare. Sai ga jerin ya fito, Imagine ta John Lennon ce a sama. Ni Musulma ce, akwai kalaman waƙar da ban yarda da su ba, kuma na faɗa wa abokan aikina haka. Amma na ga abin da maƙwabtana suka zaɓa su ji a daƙiƙun ƙarshe na shekarar da aka zubar da jini, alhali suna da damar zaɓar ta fushi. Ba wanda ya tsara musu, ƙuri'arsu ce. Daren nan na koma gida a jirgin farko na safe, gabana bai faɗi ba.

Saboda haka godiyata ta farko a kan wannan take: kun bar zaɓin a hannun masu sauraro, ko da kuwa abin da suka zaɓa ya gundure ku. Na tabbata a cikinku akwai wanda in ya sake jin Hotel California zai so ya toshe kunne, amma haka kuka sa ta a matsayi na ɗaya a 2010 da 2014 tunda ita jama'a suka ce. Ina kuma gode wa Leo Blokhuis, wanda labaran da yake bayarwa a talabijin kan asalin waƙoƙi suka koya min Holanci fiye da wasu darussan aji. Godiya ta musamman kuwa ta masu gabatarwar tsakar dare ce, 'yan ƙarfe biyu zuwa shida, lokacin da ake sa waƙoƙin da ba mai yin gardama a kansu. Kukan gaida masu gadi, da direbobi, da masu gasa burodi, da mu masu jinya. Wanda bai taɓa zama shi kaɗai a dogon baranda mai ɗakuna goma sha biyu ba, yana kasa kunne ko wani zai faɗo daga gado, ba zai san daɗin a ce da shi sannu da aiki ta rediyo ba.

Wani abu kuma da 'yata ke yi min dariya a kansa: tunda kun ba da dama mutum ya rubuta waƙar da ba ta cikin jerinku, kowace shekara sai na sa Alhaji Mamman Shata. Na san ba zai shiga ba, ƙuri'a ɗaya ba ta kai kalangu cikin dubu biyu. Amma Shata ya rasu ne a 1999, shekarar da kuka fara, kuma a gurbin dalili nakan rubuta cewa mahaifina na ɗaga ƙafa daga keke in an sako shi. Ko wani a ofishinku ya taɓa karantawa, ko bai taɓa ba, na dai rubuta. Hausawan Rotterdam da Amsterdam da Den Haag, har da 'yan uwanmu na zangon Ghana da ke unguwar Bijlmer a Amsterdam, in kun ga wannan, farkon Disamba ne ake zaɓen, kuma kyauta ne.

Bana ma an riga an fitar da jadawalin aiki, ina dutin dare daga 27 har zuwa 31. A ɗakin da Baba ya zauna yanzu wata tsohuwa ce, malamar makaranta a da, ita kuma waƙoƙin ƙungiyar ABBA ne nata; na riga na gaya wa sabuwar ɗalibar da ke koyon aiki a wurinmu ta duba jerin ta rubuta mana lokutan a jikin firji.

Tunda ku ma 'yan Zaɓi Sonka ne, bari in cika katina yadda aka saba. Ina gaida dukkan ma'aikatanku, daga shugaba har mai shara. Ina gaida 'yar Baba da 'ya'yanta biyu. Ina gaida abokiyar aikina mai biro, wadda ta yi ritaya bara. Ina gaida yayata a Malumfashi, da ƙanena a Kaduna, da duk wanda sabuwar shekara za ta riska a bakin aiki. Allah ya saka muku da alheri, ya kai mu Disamba lafiya.

Taku mai sauraro,
wata ma'aikaciyar jinyar tsofaffi,
Rotterdam.