Toronto ba ta fara da zuwan Turawa ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ni mai sauraronku ne na kullum daga Toronto a ƙasar Kanada, kuma na ji daɗin shirinku na makon jiya kan manyan biranen da ke bakin ruwa. Sai dai akwai magana ɗaya da ta tsaya mini a rai. Mai gabatarwa ya ce tarihin Toronto ya soma ne a 1793, lokacin da Gwamna John Graves Simcoe ya kafa garin York a gaɓar Tafkin Ontariyo, wai kafin nan wurin daji ne. Gaskiya ne Simcoe ya kafa York a shekarar, kuma a 1834 aka mayar da sunan Toronto. Amma cewa daji ne ba kowa, wannan kam kuskure ne babba, kuma ina roƙon a gyara.

Sunan garin kansa ya isa shaida. Masana da yawa sun tafi a kan cewa ya fito ne daga kalmar tkaronto ta harshen Mohawk, wata al'umma ta 'yan asalin nahiyar, ma'ana inda itatuwa ke tsaye cikin ruwa. Itatuwan nan turaku ne da masunta suka kakkafa a wani matsattsen mashigi tsakanin Tafkin Simcoe da Tafkin Couchiching, fiye da kilomita 100 arewa da birnin, domin tare kifi idan ya taho. An auna shekarun wasu daga cikinsu, an samu sun haura 4,000. Bafaranshe Samuel de Champlain ya gan su da idonsa a 1615, ana kan amfani da su. Sunan ya gangaro kudu ne ta bin wata tsohuwar hanyar ƙafa mai tsawon kilomita 45 ko kusa da haka, wadda ta bi gefen Kogin Humber, inda matafiya kan saɓa kwale-kwalensu a kafaɗa daga wannan ruwa zuwa wancan.

Mutane sun shigo yankin tun bayan janyewar ƙanƙarar da ta taɓa rufe shi, kimanin shekara 11,000 da suka wuce, suna farauta da kamun kifi. Daga baya masara ta iso daga kudu, zama ya kafu. Mutanen Wendat, waɗanda Faransawa suka laƙaba wa suna Huron, manoma ne na gaske: masara da wake da kabewa a gona ɗaya, waken ya hau karan masara, ganyen kabewa ya rufe ƙasa ya riƙe laima. Duk wanda ya taɓa shuka wake a tsakanin kunyoyin gero ya san wannan dabara. Kuma masarar da muke gasawa a bakin titi da damina, asalinta daga hannun manoman nahiyar Amurka ta fito.

A Stouffville, arewa maso gabashin Toronto, an tono wani garin Wendat tsakanin 2003 da 2005, kafin a gina sababbin gidaje a filin. An ga gurbin dogayen gidaje 98, kowanne na ɗaukar iyalai da dama 'yan uwa ta wajen uwa, ga kafi na itace layi uku ya kewaye garin. Mazaunansa sun kai 1,500 zuwa 2,000. Don Allah, ta yaya za a kira wannan daji?

Abin da ya watsa Wendat cuta ce da yaƙi. A shekarun 1630 agana da ƙyanda da suka zo tare da Turawa sun kashe kusan rabinsu, sannan rikicin cinikin fatu ya yi tsanani, har mayaƙan Haudenosaunee, wani ƙawancen ƙabilun 'yan asali, suka tarwatsa su a 1649 zuwa 1650. Jikokinsu suna nan a Wendake, kusa da birnin Quebec. A 2013 suka karɓo ƙasusuwan kakanninsu 1,760 da aka daɗe ana ajiye da su don bincike, suka sake binne su arewa da Toronto.

Bayan su, Seneka, ɗaya daga ƙabilun Haudenosaunee, sun kafa garuruwa biyu a shekarun 1660: Teiaiagon a kan Humber da Ganatsekwyagon a kan Kogin Rouge. Na kan kai iyalina wurin na farkon idan kaka ta yi. Yanzu unguwar masu hali ce da ake kira Baby Point, a kan tudu, kogin ya yi mata gwiwa. Idan ka tsaya a ƙasa wajen ƙaramar madatsar ruwa, za ka ga manyan kifayen salmon masu tsawon hannu suna tsalle, suna faɗowa, suna sake gwadawa. Ranar farko da na ɗaga kai na dubi tudun, nan take na gane dalilin zaɓen wurin: ga abinci a ƙasa, ga hanya a gefe, kuma duk mai tahowa daga tafki sai an hango shi tun daga nesa.

Wajen 1700 mutanen Misisaga, wata al'umma ta 'yan asali, suka zama masu ƙasar, kuma da su Ingilishi suka yi cinikin da ya fi ci mini rai. A 1787 aka ce an sayi Toronto. Abin da aka bayar ya haɗa da duwatsun ƙyastu na bindiga 2,000, tukwanen tagulla 24, madubai 120, huluna 24, ƙunshin yadi guda da barasa galan 96. Takardar cinikin kuwa ba a rubuta iyakar fili a cikinta ba. Da Turawan suka ga ba za ta tsaya ba, sai suka sake wata a 1805, suka karɓi fili sama da eka 250,000 a kan sule goma. Dattawanmu da suka riski zamanin fam da sule sun san abin da sule goma ke saye. A 1847 Misisaga suka bar ƙauyensu na bakin Kogin Credit, wanda ya sami sunansa daga bashin kaya da 'yan kasuwa ke ba su su biya da fatu baɗi. Sai a 2010 gwamnatin Kanada ta amince an yi ƙwara, ta biya jikokinsu dalar Kanada miliyan 145.

A makarantar 'yata, kowace safiya kafin darasi ana ambaton waɗannan al'ummomi a matsayin masu ƙasar tun asali. Ita ce ma ta juyo ta dube ni a mota da muka ji shirin, ta ce, “Baba, ai ba haka malamarmu ta ce ba.” Na ji kunya, don ni na matsa mata ta riƙa sauraron Hausa a rediyo.

Mu da aka daɗe ana karanta mana tarihinmu daga ranar da Lugga ya shigo, alhali ganuwar Kano ta girme shi da ɗaruruwan shekaru, bai kamata mu yi wa wasu irin wannan ba. Ina roƙon ku karanta gyaran a shiri na gaba. In da hali kuma ku ware wa batun shiri guda, ku nemi wani daga Misisaga ko Wendat ya yi magana da bakinsa a fassara mana, domin suna da ofisoshi da masana tarihinsu, kuma samun su ba wuya.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku mai sauraro,
daga Toronto, Kanada