Wasiƙa daga Kiyoto

Zuwa ga aminina Habibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da Hajiya da su Ummi. Ni dai alhamdulillahi, sanyi ya fara sauƙi.

Ka sha yi mini tsiya wai kunnena bai san komai ba sai kalangu. To ga labari. Daren Asabar wani abokin karatuna ya ja ni wani ɗan zaure sauraron kiɗan Japanawa, ba mu fi mu arba'in ba. Kayan kiɗan na kaka da kakanni ne, amma kiɗan sabo fil, don wanda ya tsara shi ma yana zaune a cikinmu.

Aka fara da shakuhachi, wata sarewar gora mai huda biyar, huɗu a gaba ɗaya a baya, tsawonta kamar santimita 54. Wallahi da farko na zaci dattijon da ke busa ta ya gaza ne, don iska ta fi sauti yawa, huuu, kamar mai hura wuta. Sai ya riƙe sauti guda yana ta sirancewa har ya ɓace, ya kuma yi tsit. Na ɗaga hannu zan tafa, abokina ya dafa ni. Ashe shirun nan ma cikin kiɗan yake, "ma" suke kiransa.

A hanyar gida yake faɗa mini kalmarsu, "mujo", wato babu abin da ke dawwama. Na ce ai mu ma mun san duniya ba matabbata ba ce. Sai dai mu wa'azi muke yi da zancen, su kuwa har ado suka mayar da shi. Furen sakura da suke tururuwar kallo, mako ɗaya zuwa biyu ya zube, kuma zubewar ce ke taɓa musu zuciya. Sautin da ke mutuwa a kunnenka ma haka suke jin sa.

Abin da ya fi kama ni shi ne biwa, mai kama da babbar garaya. A zamanin da, da ita makafin mawaƙa suke rera labarin gidan Heike, waɗanda suka yi mulki suka ƙasaita, aka murƙushe su a yaƙin teku a 1185. Da gangan ake gyara ta yadda tsirkiya za ta riƙa zuza, "sawari" ke nan. Toru Takemitsu, wani shahararren mai tsara kiɗa ɗan Japan, ya so wannan zuzar ƙwarai. A 1967 ya haɗa biwa da shakuhachi da ƙungiyar makaɗan Turai a Niyok, a kiɗansa November Steps, kuma bai yi ƙoƙarin sa su zama abu ɗaya ba, kowane ya tsaya da muryarsa. Matasan da na gani ranar, a ganina, sawunsa suke bi. Ba duka ne ya burge ni ba fa. Wani yaro ya cika shiru har na fara tunanin tuwo.

Da aka tashi na roƙi dattijon ya sake busa mini kaɗan, na ɗauka a waya don in turo maka. Da na saurara a ɗaki, ba abin da ya fito sai ƙarar na'urar ɗumama ɗaki da tarin wata tsohuwa. Na goge.

Ka gaishe da Malam Babba, ka ce masa addu'a muke nema, jarrabawa ta matso. Yajin da ka aiko ya kusa ƙarewa.

Naka,
Nasiru