Godiya ga shagon kwamfutar da ya hana 'yata ajiye karatun injiniya

Assalamu alaikum, Alhaji.

Ka roƙe ni kada in ambaci sunanka ko na shagonka, kuma zan cika alkawari. Amma shiru kam ba zan iya ba. Duk wanda ke zuwa wurinka fotokwafi ko cike fom a garin Kura ya san da wa nake.

Ni manomin rani ne, shinkafa da tumatir, a ɗaya daga cikin ƙauyukan da ke shan ruwan madatsar Tiga. 'Yata ta biyu ta samu gurbin karatun injiniyan gine-gine a Jami'ar Bayero. Ranar da na raka ta sabon mazaunin jami'ar da ke hanyar Gwarzo, hular kaina ma sabuwa ce. Abin da ban sani ba shi ne, yarinyar da ta fito daga sakandaren ƙauye, wadda ba ta taɓa riƙe allon zane ba balle ta kunna kwamfuta, za ta zauna aji ɗaya da 'ya'yan da suka tashi da waɗannan kaya a ɗakinsu. Ta haye zangon farko da ƙyar. A na gaba lissafi ya kayar da ita, aka ce sai ta maimaita darasin.

Ana cikin haka ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aiki a watan Fabrairun 2022, ba a koma ba sai Oktoba. Wata takwas budurwa tana zaune a gida. Kowa ya san abin da ke biyo baya a ƙauye. Manema suka fara sallama da magariba, goggonta kuma kullum maganarta ɗaya ce: mace da awon titi, wa ya taɓa gani? Ba zan ɓoye maka ba, Alhaji, ni ma zuciyata ta fara karkata. Taki ya yi tsada, karatun injiniya shekara biyar ne ba huɗu ba, ga yarinya ta daina buɗe littafi.

A lokacin ne ka share ɗakin bayan shagonka, inda kake ajiye kwalayen takarda, ka zuba benci da farin allo, ka aika a faɗa cewa duk ɗalibar da ke karatun injiniya ta zo, kyauta.

Abin da ya sa na yarda ta je, tsarin da ka yi ne. Asabar da Lahadi, daga hantsi zuwa azahar, kowace yarinya ta isa gida kafin la'asar. Mai koyarwar kuma mace ce, injiniya, matar aure da goyonta, tana tasowa daga Kano a motar haya. Da na je da kaina in ga wurin (wane uba ne ba zai je ba?), na tarar da ita tana zana gada a allo, 'yan mata bakwai sun yi tsit, jaririnta na barci a tabarma kusa da batirin sola. Daga ranar bakin goggo ya mutu, don ita ma na kai ta ta gani. Yaranka na shago suka riƙa ba su kwamfuta biyu suna koyon zane da manhajar zanen gini ta AutoCAD, a lokacin da kwastoma ke jiran layi. Tsofaffin tambayoyin jarrabawa ma kai kake buga musu, ko kuɗin takarda ba ka karɓa.

Wata safiya 'yata ta ce in raka ta bakin magudanar da ke kawo ruwa gonata, malamarsu ta ba su aiki. Ta sa na riƙe mata tef, muka auna mita 10. Ta jefa robar ruwa a farkon awon, tana kallon agogon waya har robar ta isa ƙarshe. Sau uku ta yi haka. Sannan ta tsoma sanda ta auna zurfi, ta auna faɗi, ta tsuguna tana lissafi a kan gwiwarta. Da ta ɗago sai ta ce, "Baba, ba maƙwabcinka ne ke tare maka ruwa ba. Yashi da ciyawa ne suka cinye kusan rabin magudanar." Shekara biyu ina gaba da bawan Allah a kan ruwan nan. Muka yi gayya muka yashe, ruwa ya iso har kuyyar ƙarshe, na je na ba shi haƙuri.

Da aka koma makaranta ta ci darasin da ya kayar da ita. A shekara ta huɗu ta yi wata shida na koyon aiki a wani kamfanin titi, ta turo mana hotonta da hular kwano a kan hijabi. Malamarsu ce kuma ta haɗa su da ƙungiyar mata injiniyoyi ta APWEN, wadda aka kafa tun 1982. Yanzu idan ta zo hutu, ita ke tsayawa gaban allon nan tana koya wa na bayanta.

Iyayen da ke Bunkure da Garun Malam, ɗakin yana nan a buɗe duk hutu, ku turo 'ya'yanku.

Alhaji, Allah ya yi wa kasuwancinka albarka, ya jiƙan mahaifa, ya saka wa malama da yaran shago da alheri. Ranar Asabar ɗana zai kawo buhun shinkafa biyu, ɗaya naka, ɗaya na malama. Na gaya masa ya sauke ya juyo, ko da ka ce ya mayar.

Naka,
Wani manomin rani daga karkarar Kura