Sanarwa: Zaman Gidauniyar Islamiyyarmu

Assalamu alaikum iyaye, malamai da tsofaffin ɗalibai.

Ranar Asabar mai zuwa, bayan sallar La'asar, za a yi zaman gidauniya a harabar makaranta, nan Unguwar Rogo, in Allah Ya kai mu. Kamar kowace shekara, sai an yi shi kafin a sa ranar walimar sauka.

Manyanmu sun san yadda aka faro. Faranti ake zagayawa da shi kan tabarma, iyaye mata su soyo waina su damo kunun gyaɗa, ƴan kasuwar Farin Gada su aiko da buhun dankali. Da irin wannan karo-karo aka yi wa azuzuwan baya rufi, aka haƙa rijiya.

Bana tagogi ne damuwarmu. Kun dai san sanyin Jos daga Disamba zuwa Janairu: yaran ajin asuba na riƙe da allo hannu na karkarwa, wasu har sun daina zuwa. A ganina, wannan ya fi sayen kujerun taro muhimmanci.

Mazauna Abuja da Kaduna, ku tuntuɓi ma'aji kai tsaye. Mai katako ko siminti ya kawo, ba lallai sai kuɗi ba. Don Allah a zo da wuri, mu tashi kafin Magariba.