Wasiƙa zuwa ga Baba daga Woking

Assalamu alaikum Baba,

Bayan dubun gaisuwa, ina fatan kuna lafiya, ku da Inna da su Yaya da yara. Ni ma lafiya ƙalau, sai sanyi da ya fara kankama.

Ranar Asabar wani abokin aikina ɗan Pakistan ya ce in raka shi ziyarar kabarin mahaifinsa a maƙabartar Brookwood, tasha ɗaya daga nan a jirgin ƙasa. Baba, gari guda ce, duk Birtaniya babu wadda ta kai ta girma. A 1854 aka buɗe ta, lokacin da maƙabartun Landan suka cika maƙil har sai an tone wani kafin a binne wani. Jirgin ƙasa na musamman ne yake kawo gawa da masu rakiya daga Landan, bai daina ba sai 1941 da bam ɗin Jamus ya lalata tasharsa.

Tun 1884 aka yankar wa Musulmi wuri a ciki. A nan Abdullahi Yusuf Ali yake kwance, mai tarjamar Alƙur'anin nan ta Turanci da kuka saya mini ina sakandare. A Landan ya rasu a 1953, tsoho, ba kowa a kusa da shi, ba abin hannu. Pickthall, Baturen da ya musulunta shi ma ya yi tasa tarjamar, kabarinsa na nan. Na tsaya na yi musu addu'a, Allah ya jiƙansu.

Gine-ginen marmara da gumakan da ke wasu sassan ba su burge ni ba, namu na ƙasa da itace ya fi mini. Rajistarsu ce ta tsaya mini a rai. Ka faɗi sunan mamaci a ofis, ko ya shekara ɗari, a duba littafi a nuna maka inda yake. Su ma fa sun taɓa sakaci har ciyawa ta cinye wurin, sai 'yan sa kai suka kafa ƙungiya a 1992, hukumar garin Woking kuma ta saye shi a 2014.

Shi ya sa na tuna da tamu. Zuwana na ƙarshe da ƙyar muka gane kabarin Kaka. Awaki na kiwo a ciki, masu babur sun yanke hanya ta tsakiya, ruwan damina kuma yana ta zaizaye gefen gabas.

Na tura wa Yaya kuɗin bulo da siminti. Na san ba za su kewaye ta duka ba, amma a fara da inda ruwa ke ci. Don Allah Baba ku yi wa mai unguwa da liman magana, ko jama'a za su kama. A sayi babban littafi a ba mai gadi, duk wanda aka kai a rubuta sunansa da rana da layinsa. Masu haƙar kabari kuma a ware musu nasu daga ciki, sun daɗe suna yi don Allah.

A gaishe mini da Inna, a ce mata yajin da ta aiko ya iso.

Ɗanku.