Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Ɗaliban Anatomi da Fisiyoloji

Assalamu alaikum 'yan uwa membobi. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ga bayanin abin da kwamitinku ya gudanar a bana.

Zaman karatu na wata-wata ya tafi daidai, sai watan jarrabawa da muka ɗaga. Wanda ya fi jan jama'a shi ne na zagayawar jini. Mun faro daga Ibnu Nafis, likitan Alƙahira da ya rasu a 1288, wanda ya musanta maganar Jalinus, shahararren likitan Girkawa na zamanin dā, cewa jini na ratsa bangon da ya raba zuciya biyu, ya ce sai ya bi ta huhu. Daga nan muka zo kan William Harvey na Ingila, wanda a 1628 ya lissafa jinin da zuciya ke turawa cikin rabin awa, ya ga ya zarce duk jinin da ke jikin mutum, ashe jini ɗaya ne ke kewayawa. A ranar mun maimaita gwajinsa. Aka ɗaure damtsen wani ɗan aji biyu, jijiyoyi suka taso, aka danne ɗaya da yatsa, aka shafe jinin zuwa sama. Wurin ya tsaya fayau, bai sake cika ba sai da aka ɗaga yatsan. Kowa ya yi tsit.

Bincikenmu kan bugun zuciya bayan hawan bene shi ya ba mu wahala, kuma dole mu faɗa muku gaskiya: sakamakon farko mun watsar da shi. Wasu sun ƙirga bugun daƙiƙa 15 suka ninka sau 4, wasu sun ƙirga minti guda cur. An auna wani da sanyin safiya, wani da tsakar rana bayan ya sha shayi. Da wa za a kwatanta wa? Abin ya yi mana zafi, domin makonni muka ɓata. Muka koma muka rubuta hasashenmu tun kafin awo, muka tsayar da lokaci ɗaya, hutun minti 5 kafin a fara, mai awo ɗaya, sannan duk wanda za a auna sai ya sa hannu a takardar amincewa. Alƙaluman zagaye na biyu suna hannun malamar da ke duba aikin.

Kuɗin ƙungiya bai shigo yadda ya kamata ba, shi ya sa har yanzu da na'urar awon jini ta aro muke aiki. Don Allah masu bashi su ga ma'aji kafin taron miƙa mulki.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya